Gidan Waya a Ƙasar Mutane

A layinsu, in ka ce mai ɗinkin labule kake nema, za a nuna maka shago biyu ko uku. Amma in ka ce Gidan Waya, ko mai wankin motar bakin titi zai ɗaga hannu da kumfa ya nuna maka shagon da ke jikin na mai fenti, inda yadudduka ke rataye tun daga silin har ƙasa.

Sunan ya riga wayar hannu zuwa. Tun tana 'yar makaranta ba a aikenta gida ɗaya ta dawo da saƙo ɗaya. A tura ta kai wa gwaggo zare, ta dawo da labarin wanda ya kwana da zazzaɓi, da wanda zai tashi daga gidan haya, da wanda ke neman aron tsani. Babansu, Allah ya jiƙansa, shi ya fara cewa, "To, ga gidan waya ta iso, kowa ya zo ya karɓi nasa." Shi ke nan suna ya bi ta. Ta yi aure, ta haihu, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma har yau ƙannenta Yaya Gidan Waya suke ce mata.

Da wayar hannu ta shigo, sai ka ce don ita aka ƙera ta. Tana taka keken ɗinki, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, fil a bakinta, tana sasanta mutum biyu da ba sa ga maciji. Wayarta layi biyu take ɗauka: ɗaya na dangi, ɗaya na kasuwa, kuma ba wanda ke hutawa. Maigidanta mai gyaran agogo ne, mutumin da zai wuni a kan benci da gilashi a ido ɗaya bai ce uffan ba. Ya kan dube ta tana kai-kawo ya ce, "Duk garin nan ba kujerar da ta kai ta shagonki jin daɗi. Ba ta san nauyin mutum ba."

A dangi kuwa komai ta kanta yake bi. Yaya Babba, wato babbar yayarsu, da matar ƙaninsu Auta sun shekara da shekaru ba sa magana kai tsaye. Ba wani faɗa suka yi ba, wata 'yar magana ce ta fita lokacin da su Auta ke tashi zuwa sabon gida, kowa ta riƙe. Tun daga nan sai dai "ki gaya mata" da "ki ce mata na ce". Inna kuma, mahaifiyarsu, tana tsohon gida da 'yar wayarta mai maɓallai. Wani ɗan damfara ya taɓa kiranta ya ce ɗanta ya yi hatsari, ya kusa sa zuciyarta ta buga. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga lambar da ba ta sani ba. In ba ƙarar da jikarta ta sa wa 'ya'yanta ta ji ba, ko wayar za ta fashe ba ta taɓa ta.

Auta malamin lissafi ne a sakandare. Shi ne ya fara haki in ya hau bene, har ta kai sai ya tsaya tsakiyar darasi ya dafa allo. Likitoci suka ce wata ƙofa ce a zuciyarsa ba ta rufuwa daidai, kuma aikin sai a ƙasar waje. Dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, makaranta ta taimaka. Saura mai rakiya. Matarsa na da goyo, ga ƙanana biyu. Yaya Babba gwiwoyinta sun ƙi. Ba a ma gama zancen ba Gidan Waya ta riga ta kira mai hoton fasfo.

Abin da ya hana ta sukuni kafin tafiyar ba jirgi ba ne, ba kuma sanyin da aka ce ana yi a can ba. Waya ce. Kowa ta tambaya da tasa shawarar. Mai fenti ya ce ta buɗe wa layinta romin kawai, wato ya ci gaba da aiki a can kamar tana gida. Wata mai sayen labule da ta saba fita ta ce, "Ke dai kar ki soma! Romin ɗin nan wuta ce. Ki sayi sim ɗinsu a filin jirgi." 'Yarta, wadda ake kira 'Yar Baba, ta ce yanzu akwai sim ɗin da ba a riƙe shi a hannu, a waya ake saukar da shi tun daga gida. Ta karɓi wayar uwar ta dudduba, ta ce, "Kash, Umma, taki ta tsufa, ba ta ɗauka."

"Uwarki ce ta tsufa," in ji Gidan Waya. "Ba ni abata."

Ta tafi ofishin kamfanin layinta da kanta. Ma'aikaciyar ta yi mata bayanin tsarin matafiya: akwai na mako, akwai na wata. Da ta ji kuɗin na wata sai da ta dafe ƙirji, don zai yi wa falo guda labule har da ragowa. Ta ɗauki ƙaramin na mako, ta ce in ta isa ta ga yadda garin yake. Ma'aikaciyar ta ƙara da wata magana a kan kashe data in tsarin ya ƙare, amma a daidai lokacin layin kasuwa ya yi ƙara, rabin kunnenta ya tafi can.

Jirgi na taɓa ƙasa ta kunna waya. Saƙo ya shigo yana yi mata barka da zuwa, ta ji daɗi har ta nuna wa Auta. "Ka gani? Har sun san na iso." A filin jirgin ta ga masu sayar da sim, ta tambayi farashi da hannu, ta ja jakarta ta yi gaba tana tsaki. A motar da ta ɗauke su zuwa masauki ta ɗauki bidiyon gadoji, da dogayen gine-gine, da ƙeyar direba, duk ta tura zauren dangi. Su kuma suka shiga mayar mata da addu'o'i, da hotuna, da bidiyon da kowa ya ga ya dace, wayar tana ta sauke su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta tambaye ta ba. Kafin su sauke kaya saƙo ya shigo cewa datar ta ƙare. Ta ce ƙarya ne. Ta ci gaba da dannawa, waya kuma ta koma cin kuɗin da ke kan layin, ci irin na wanda ya kwana da yunwa.

Da ta ga abin ba na wasa ba ne, ta yi maza ta kira matar Auta da ɗan abin da ya rage.

"Ƙanwata, mun sauka lafiya, ga mu a masauki. Sai dai Auta ya..."

Ƙit. Layi ya yanke.

Abin da take shirin faɗa shi ne Auta ya manta hularsa a jirgi. Ta sake kira, wata murya ta ce ba ta da isasshen kuɗi. Ta karɓi wayar Auta, tasa ko sabis babu, don bai buɗe wa layinsa komai ba, ya dogara da ita. Akwai lambar waifai manne a bangon ɗakin, amma duk yadda suka saka ta ƙi shiga, mai gidan kuma ya ba su makulli ya tafi abinsa. Ta fita baranda ta ɗaga waya sama, ta dawo. Ta sauka ƙasa, ta tarar da titi cike da mutanen da ba ta jin ko kalma ɗaya ta bakinsu, ta hawo. Ɗakin ƙarami ne, gado biyu da 'yar firji da tagar da ke kallon bayan wani gini, amma ta auna shi da ƙafa ta kowace kusurwa.

"Yaya, don Allah ki zauna," in ji Auta daga kan gado. "Kallonki kawai sa ni haki yake yi."

"In zauna? Ka san abin da na bari a kunnen matarka?"

Washegari a asibiti, a zauren jira na ƙasa, wani mai gadi ya haɗa mata waifai. Wayar ta ɗauki rawa a hannunta kamar za ta faɗi. Saƙon murya a kan saƙon murya, kuka a kan kuka. Matar Auta ta ɗauka mijinta ya faɗi ne. Ta rasa wanda za ta kira, ta kira Yaya Babba. Ita kuma, da gwiwoyinta da komai, ta hau mota ta tafi gidan, suka haɗu suka yi ta kuka tare. Gidan Waya ta kira su ta bidiyo, ta juya waya ta nuna musu Auta zaune yana cike takarda.

"Hula ce! Hula ya manta!"

"Hula?" in ji Yaya Babba, idanunta sun kumbura. "A kan hula kika kusa kashe mu?"

Aka kwantar da Auta a hawa na sama, waifai kuma a ƙasa kawai yake, shi ma yana yankewa lokaci zuwa lokaci sai an sake shiga ta wani shafi mai rubutun da ba ta iya karantawa. Lifta tana da jira, Gidan Waya kuma ba ta iya jira ba. Sai ta mayar da matattakala hanyarta: ta hau ta ji abin da likita ya ce ta bakin tafinta, ta sauko ta faɗa wa gida, ta hau da tambayoyinsu, ta sauko da amsa. Masu goge bene har sun gane takunta, suna jin ƙarar silifas ɗinta sai su janye bokiti. Ta so ta sayi sim ɗin ƙasar ta huta, amma ba a sayarwa sai da fasfo, nasu kuma ofishin asibitin ya karɓa don yi musu rajistar baƙi, kullum sai a ce gobe.

A gadon da ke kusa da na Auta akwai wani dattijo ramamme, da matarsa mai jinyarsa, wata doguwa mai faɗin kafaɗa da ba ta rabuwa da ƙwallon ulu da tsinken saƙa. Su ma baƙi ne, daga wata ƙasar daban. Gidan Waya ta raɗa mata Mai Saƙa. Ba su da yare ɗaya, gaisuwarsu ɗaga kai ce da murmushi. Wata rana Gidan Waya ta shigo tana numfashi sama-sama, ta sha ruwa, ta juya za ta sake sauka. Mai Saƙa ta ajiye saƙarta, ta miƙo hannu. Waya take nufi. Ta danna tata, ta danna ta Gidan Waya, ta mayar mata. Sai ga saƙonni suna shigowa, nan a gefen gado, ba hawa ba sauka. Daga datarta ta jona mata.

Gidan Waya ta kama hannun matar da hannu biyu tana jijjigawa. Mai Saƙa ta yi dariya, ta sake karɓar wayar, ta shiga zauren dangi, ta ga tulin bidiyoyin da ke sauka. Ta kaɗa yatsa, ta yi alamar ruwa na zuba daga tulu mai huda, ta danna wani wuri ta kashe. Daga ranar babu abin da ke sauka sai wanda aka taɓa.

Ranar da fasfo ya fito, Mai Saƙa ce ta ja ta zuwa wani lungu a bayan asibitin, tsakanin kantin magani da mai gyaran takalmi. Wani ɗan shago ne da mutum biyu ba sa tsayawa a ciki. Mai shagon ya rubuta farashi a kalkuleta ya juyo mata. Sim ne da datar wata guda, a kuɗin da bai kai rabin abin da aka faɗa mata a filin jirgi ba. Ta yi ciniki duk da haka, don ba ta iya sayen abu ba tare da ta taya ba, mutumin ya yi dariya ya ƙara mata ledar waya.

Sai ga matsala. Waya layi biyu take ɗauka, ga na uku ya zo. Ta tsaya da su a tafin hannu. Na dangi ba ya ciruwa: shi Inna ta sani, kuma ta nan banki ke turo lambar sirri duk sanda za ta biya asibiti. Na kasuwa kuma shi ne shagonta, shi ke rubuce a allon ƙofa, shi ke hannun duk wanda ta taɓa yi wa labule. Mai shagon yana jira, Mai Saƙa tana jira. Ta zaro allura daga gefen jakarta, ta soka ta buɗe gidan sim, ta cire na kasuwa, ta naɗe shi a ƙyalle ta tura cikin kwalin allurai. Mai shagon ya saita mata: data daga sabon layi kawai, tsohon kuma a bar shi kunne don karɓar saƙo, amma datarsa a kashe. Ya nuna mata wurin sau biyu, ya ja yatsa a wuyansa don ta gane abin da zai faru in ta kunna.

Kowa ya samu hanya sai Inna. 'Yar Baba ta kai mata waya don ta ga ɗanta ta bidiyo, tsohuwa ta kanga ta a fuska, ta ce, "Ni ban ga kowa ba sai hancin uwarki. Ku ɗauke abinku. A kira ni a tawa." Ba yadda aka iya. 'Yar Baba ta riƙa saya wa layin uwarta na gida 'yan mintocin kiran romin, na Inna kaɗai. Inna kuwa ba ta san gajeriyar gaisuwa ba. Ina kwana, ina gajiya, ya mai jiki, ya baƙunta, ya mutanen wurin, ana samun abin da za a ci, ya sanyi, kin tafi da rigar da na ce?

"Inna, mintoci ne a hannuna, ki bari in faɗa miki abin da likita ya ce."

"To sai in fasa gaishe ki don kina ƙasar mutane?"

An ce musu ba za su daɗe ba. Amma ana gab da aikin zazzaɓi ya kama Auta, likita ya ce sai ya sauka tukuna. Ya sauka, jini kuma ya ƙi daidaita. Mako ya bi mako. Gidan Waya ta koma lungun ta sabunta data. Kuma a lokacin ne ta lura da wani abu da ya fi tsadar romin ci mata rai: wayarta ta rage ƙara.

Yaya Babba ba ta koma gidanta ba tun ranar hula. Ta tare a gidan Auta, tana riƙe goyo, tana raka yara bakin motar makaranta. Da yamma ita da matar Auta za su kira shi a wayarsa, wadda yanzu Gidan Waya ke jona masa, kawunansu a haɗe a cikin gilashi, suna ba shi labari suna katse juna. Ba wadda ta ce "ki gaya mata". Har wata rana Gidan Waya ta ji a bakin Auta cewa an canza wa babban yaron makaranta.

"Yaushe? Wa aka tambaya?"

"Su suka yanke, Yaya. Ba abin da kike so ke nan ba? Shekara nawa kina fama su shirya?"

"Na ce ban so ba ne?" Ta tashi ta gyara masa filo da bai buƙaci gyara ba.

Maigidanta ma da ta kira, bayan ya gama sauraronta tsaf, ya ce, "Af, mutumin nan mai gidan baƙi ya zo ya fi a ƙirga. Ya ce lambarki ba ta shiga. Jiya na ga an rataya masa labule, ina jin wajen mai ɗinkin ƙasan layi ya kai." Aikin ɗakuna ne masu yawa, ta daɗe tana bin sa. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta tuna ita ta naɗe layin a ƙyalle da hannunta, kuma ba ta tuna ta ce a rubuta wata lamba a ƙofa ba.

Hannunta ya rasa abin yi, ƙafarta ta ƙi tsayawa. Ta kwance labulen masaukinsu da ya karkace, ta sake masa kalmasa da allurar hannu. Ta ɗinke wa mijin Mai Saƙa aljihun rigar barci. In Auta ya yi barcin rana sai ta fita ta bi titi, ba ta jin tsoron ɓata tunda taswira na cikin waya. A haka ta faɗa wata kasuwar yadi, rumfa bayan rumfa, ta wuni tana murza yadudduka tsakanin yatsu, tana ɗaga su a haske, tana karɓar katin masu shaguna duk da ba ta da abin saye.

Ranar aikin, da safe aka tura Auta ɗakin tiyata. Tun jajiberi ta ce kowa ya taru a gidan Inna, kira ɗaya za ta yi, kada a dame ta. Ita ce kuma ta kasa haƙuri. Ta tura saƙo an shiga da shi. Ta tura har yanzu shiru. Ta je ƙarshen baranda ta dawo, ta leƙa gilashin ƙofa, ta sauka ƙasa ba dalili ta hawo. Mai Saƙa ta bar mijinta ta biyo ta. Ta kama wuyan hannunta da ƙarfi, ta zaunar da ita a benci, ta ware mata hannu biyu ta rataya mata ulu, ta shiga naɗewa a hankali. Duk sanda Gidan Waya ta yunƙura, sai matar ta ja zaren ta harare ta. Haka suka zauna, ƙafarta na kaɗawa a ƙasa, har rana ta karkata.

Likita ya fito da tafinta a bayansa. An gama, ƙofar da aka sa tana aiki, amma za a riƙe shi a ɗakin kulawa ta musamman sai ya farfaɗo sosai. Gidan Waya ta zare hannunta daga ulu, ta danna lambar Inna ta layin gida, ba ta ko duba sauran mintoci ba. Aka ɗaga tun ƙarar farko. Ta jingina da bango tana mayar da numfashi.

"Ke, ki yi magana mana," in ji Inna.

"Ya fito, Inna. An yi lafiya."

Ta ji gidan ya kaure da hamdala, wata na kuka, yara na tsalle ba su san dalili ba. Can sai muryar Inna ta dawo. "To, alhamdu lillahi. Ina wuni? Ya gajiya?"

Ɗakin kulawar yana wani ɓangare na asibitin, Gidan Waya ta koma can da zaryarta. Da aka dawo da Auta tsohon ɗakinsa bayan 'yan kwanaki, ta shigo da saurinta da ledar lemu da ta sayo wa Mai Saƙa. Wani mutum ne daban a gadon, da ɗansa a gefe. Ta tsaya. Ta nemo tafinta, ya tambayi nas. Aka ce likitoci sun ga ba sauran abin da za su iya yi wa dattijon, matarsa ta ce gara ta mayar da shi gida cikin 'ya'yansa. Shekaranjiya suka tafi.

Ba ta da lambarta. Duk zaman nan gado da gado suke, ba abin da ya sa su karɓi lambar juna. Ko sunanta na gaskiya ba ta sani ba. Ta je ofis, aka ce ba sa ba da bayanin majinyata. Ta je lungun mai sim ta kwatanta masa da hannu, doguwa, mai saƙa, ya gane ta sarai, amma ya buɗe tafukansa. Ta dawo ta zauna a gefen Auta da ledar a cinya, ta ɓare lemu ɗaya ta ba shi, ita ba ta iya sha ba.

Sun dawo gida Auta na takawa a hankali, da dogon tabo a ƙirji da jakar magunguna. Inna ta shafa fuskarsa ta ce an ramar mata da ɗa, wato ba a ba shi abinci a can. Tun a motar da ta ɗauko su Gidan Waya ta zaro allura ta mayar da layin kasuwa. Saƙonni suka yi ta zuba, yawancinsu na mutanen da suka gaji da jira suka kai aikinsu wani wuri. Wasu sun dawo, wasu har yau in sun hango ta sai su tsallaka titi. Yaya Babba da matar Auta kuwa sun zama abu ɗaya, har kasuwa suke zuwa tare, sai dai ta ji labari. In abin ya motsa mata ta kan ce, "Ni da na sani, da tuni na yanke muku waya a tsakiyar magana."

Yanzu duk mai shirin fita ƙasar waje a layin, shagonta yake fara zuwa. Tana yanka tana magana, ba ta ɗago kai. "Kwana nawa za ka yi? In biyu ne ko uku, sayi ƙaramin tsari tun daga nan ka huta. In ya wuce haka, ka sa ɗan kaɗan na sauka kawai, kana isa ka nemi nasu, amma ba a filin jirgi ba, ka shiga gari. Kar ka ba kowa fasfonka sai ka sayi sim. Layin gida ka bar shi kunne, ka kashe masa data. Kawo wayar in nuna maka wurin. Kuma in za ka kira gida, ka fara da abin da ya kai ka."

Watanni kaɗan da dawowarsu ta fito da katunan masu yadin nan ta baza a kan tebur, ta kira ɗaya bayan ɗaya, ita da yarenta su da nasu, hotuna na yi musu tafinta. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfinta. Amma ɗayansu ya ce yana da ɗan'uwa mai irin kayan a ƙasar da ke maƙwabtaka da ƙasarta, tafiyar mota ce. Ta ce to can za ta je saro yadi. Ta sayi tsohuwar ƙaramar waya ta sa layin kasuwa a ciki, ta ajiye a gaban maigidanta, tsakanin agogunan mutane.

"In ta yi ƙara ka ɗaga. Ka ce ina dawowa, ka tambayi faɗin taga da tsawonta."

Ya cire gilashin idonsa ya dubi wayar, ya dube ta. "Ni zan yi magana da su?"

"Ba za ka mutu ba, Malam."

Ya raka ta tasha da jakarta a kafaɗa. Motar ba ta cika ba, saura mutum huɗu, direba ya ce a ɗan jira. Ta shiga ta zauna, ta fito. Ta zagaya ta duba tayoyi, ta sayi ruwa, ta tambayi wata fasinja wane layi ne ya fi ja a can bayan an tsallaka iyaka. Sannan ta koma wajen direba ta fara roƙonsa ya ba ta kujerar gaba, kusa da wurin caji.